Yadda za ka sa ɗan barkwanci ya yi soyayya a fim, kuma a yarda da shi

Akwai wani irin fim da ba kowane darakta ke fita da shi lafiya ba: labarin soyayya mai ɗan bauɗewa, mutanen cikinsa kowa da tasa taɓuwar, sannan a ɗauko mutumin da duniya ta san shi da ba da dariya a ce shi ne jarumi, kuma wannan karon ba wasa aka kira shi ya yi ba. Idan abin ya faɗa daidai, sai a shekara ashirin ana maganar fim ɗin. Idan ya kuskure kuwa, ta ɗayan hanya biyu yake kuskurewa. Ko dai jarumin ya kasa riƙe kansa ya koma camamar da ya saba, ko kuma ya murtuke fuska tun daga farko har ƙarshe kamar wanda aka aiko wa da saƙon mutuwa, mai kallo ya rasa dariyar, ya kuma rasa soyayyar.

Na biyun ya fi yawa, kuma laifin darakta ne. Da yawa suna ɗauka aikinsu shi ne su wanke ɗan barkwancin tas, su raba shi da duk abin da aka san shi da shi, wai don a ga ya zama ɗan wasa na gaske. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Abin da ya sa mutumin nan yake ba da dariya, shi ne dai zai sa a tausaya masa. Ka bar masa kayansa. Abin da za ka toshe ita ce ƙofar da yake bi ya sulale bayan ya yi ɓarnar, wato dariyar da ke wanke shi daga laifi da kunya.

Ka fara sanin wanda ka ɗauko

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, nemi finafinansa uku ko huɗu da suka fi karɓuwa, ka kashe sauti ka kalla. Idan babu murya babu kiɗa, rahar takan bushe, abin da ke ƙarƙashinta ya fito fili. Ka riƙe takarda da biro. Me yake faruwa da shi daf da zai ba da dariyar? Wulaƙanta shi aka yi? Tsoro ya ji? Ko shiru aka yi ya kasa jurewa? Ina yake kai hannunsa? Wa yake kallo bayan ya saki maganar?

Misalin da ya fi kowanne fito da wannan a wurina shi ne Punch-Drunk Love na 2002, wanda Paul Thomas Anderson ya rubuta ya kuma ba da umarni. Adam Sandler, wanda ya ja fim ɗin, ya riga ya yi suna a Amurka da finafinai irin su Happy Gilmore na 1996 da The Waterboy na 1998, kuma kusan mutum ɗaya yake fitowa a dukansu: babba mai zuciyar yara, ana raina shi, yana haɗiyewa, yana haɗiyewa, sai rana guda ya fashe ya yi kaca-kaca da abin da ke gabansa, jama'a su sheƙe da dariya. Anderson bai sauya wannan mutumin ba. Ya ɗauke shi ne cancak ya ajiye a duniyar da in ka fasa abu, ya fasu ke nan. Jarumin, Barry Egan, yana da 'yan'uwa mata bakwai da ba sa barinsa ya sha iska. A wani taro a gidan ɗaya daga cikinsu suka yi ta tsokanarsa da abin da ya faru tun suna yara, yana yaƙe yana kauda kai, can sai ya farfasa ƙofofin gilashin gidan. A tsohon fim ɗinsa, nan ne wurin tafi. A wannan kuwa kyamara ta ci gaba da binsa, har ya keɓe da mijin 'yar'uwarsa yana roƙonsa ya haɗa shi da likitan da zai iya magana da shi, ga shi shi mijin likitan haƙori ne, sannan kuka ya ƙwace masa. Fushin dai shi ne wanda aka sani. Bambancin kawai, an bar mu mun ga abin da ya biyo bayansa.

Kowane ɗan barkwanci da irin nasa abin. Jim Carrey jikinsa ne ba ya zama wuri ɗaya, fuskarsa kamar za ta rabu da ƙashinta. A Eternal Sunshine of the Spotless Mind na 2004, Michel Gondry ya ba shi rol ɗin mutum mai kunya, mai ciki-ciki da magana, ya miƙa wa Kate Winslet duk hayaniyar da launin gashi mai sauyawa. Kana kallonsa ka san akwai guguwa a cikin jikin nan da aka danne, kuma sanin da ka yi masa a baya shi ke sa ka ji nauyin dannewar. Will Ferrell kuma abin dariyarsa shi ne yakan riƙi shirme da matuƙar muhimmanci, shi ya sa ya dace da ma'aikacin haraji mai ƙirga sau nawa burushi ya bi ta kan haƙoransa a Stranger than Fiction na 2006. Bill Murray gajiyayyar fuskar nan tasa ta wanda duniya ta gundura, ita Sofia Coppola ta kai Tokyo a Lost in Translation na 2003, sai ta tashi daga raini ta koma kaɗaici.

Idan ka gama kallon naka ka rasa gano komai a ƙarƙashin rahar, sai kwaikwayon murya da gatsine kawai, to ka haƙura da shi. Ba kowane mai ba da dariya ne yake da ɗaki na biyu a cikinsa ba, kuma wannan ba aibi ba ne.

Rubutun

Nan ne fim ɗin yake rayuwa ko ya mutu. Ba banza ba ne Lost in Translation da Eternal Sunshine duk kyautar Oscar ta rubutu suka ci.

Matsalar da ta fi addabar irin wannan labarin ita ce bauɗewar ado. Marubuci ya ji an ce fim ɗin ya zama na daban, sai ya ɗora wa jarumi hula mai ban mamaki, ya ba shi kunkuru a matsayin aboki, ya sa yana tafiya da baya ranar Talata. Duk wannan kwalliya ce, minti goma ta ishi mai kallo ya gaji. Bauɗewar da ke aiki ita ce wadda ta fito daga wata buƙata da mutumin ya kasa furtawa. Barry Egan yana ta sayen fudin, wani kayan zaƙi na ƙananan kofuna, tuli guda, saboda ya gano kuskure a wata garaɓasar kamfani da ke ba da makin tafiya kyauta a jirgin sama. Wannan ma ba ƙirƙira ba ce: a 1999 wani injiniya a Kaliforniya ya sayi kofuna sama da 12,000 da dala 3,000 da 'yan kai, ya tashi da makin tafiyar mil fiye da miliyan ɗaya. To amma dubi wanda aka ɗora wa labarin. Mutum ne da ba ya zuwa ko'ina, ba shi da wanda zai je wurinsa, ga shi yana tara hanyar guduwa. Da ya samu wadda zai bi zuwa Hawayi, sai fudin ɗin ya tashi daga wauta ya zama bege, har ma aka ce masa makin ba zai shiga da wuri ba, dole ya san yadda zai yi.

Ga gwajin da nake yi wa kowace bauɗewa: cire ta ka gani. Idan labarin ya tsaya da ƙafarsa ba tare da ita ba, ka jefar da ita.

Bari in kafa misali nawa, don mu riƙa komawa kansa. Jaruminmu mai gyaran agogo ne, ba ya iya haɗa ido da mutane. Wata mata ta kawo agogon tebur ta ce ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau, ita dai hanyar ganinsa take nema. Ya gane. Saboda tsoron kada ta rasa dalilin dawowa, sai ya buɗe agogon ya taɓa shi yadda zai riƙa jinkirin minti goma. Yanzu ya lalace da gaske, za ta dawo da gaske. Mutum biyu ke nan suna yi wa juna ƙarya a kan dalili ɗaya, kowa na ganin shi kaɗai ne mai laifi. Akwai dariya a nan. To sai ka sa jinkirin nan ya ja mata asara, ta makara wurin gwajin ɗaukar aikin da ta daɗe tana jira. Daga nan dariyar ta samu farashi, kuma dole wata rana ya buɗe baki ya faɗa mata. Abin da nake nufi ke nan da toshe ƙofa.

Bauɗewa babba guda ɗaya ta isa, ko biyu in an matsa. Sauran duniyar ka bar ta yadda kowa ya san ta, da kuɗin haya da layin banki da maƙwabci mai surutu. Idan kowa a fim ɗin taɓaɓɓe ne, babu wanda za a auna jarumin da shi.

Sai maganar jaruma, kuma a nan ina da ƙorafi har a kan fim ɗin da nake ta yabo. Lena, masoyiyar Barry, wadda Emily Watson ta fito a matsayinta, an rubuta ta da ƙarancin nama. Ta ga hotonsa, ta so shi, ta jure duk abin da ya zo da shi. Ƙwarewar Watson ce ta cike gurbin, da ɗan wani kallon da ke nuna ita ma ba lafiyayyiya ba ce sosai. Kada ka dogara da samun irin wannan sa'ar. Mace a irin wannan fim ba magani ba ce da aka aiko wa jarumi. Ka ba ta abin da take so wanda bai shafe shi ba, ka ba ta laifinta, ka ba ta wurin da za ta fusata har mai kallo ya ga gaskiyarta. A misalinmu, ita ta fara ƙaryar, don haka ranar tonon asiri ba ta da bakin yin fushi mai tsabta. Wannan ya fi daɗin wasa nesa ba kusa ba.

Ka kuma taƙaita. Anderson ya fito ne daga Magnolia na 1999, fim mai sama da awa uku, ya zo ya yi wannan a minti 95. Labarin da ke tsaye a kan siririn zare tsakanin dariya da tausayi ba ya son a ja shi.

Ranar ɗauka

Ka san abin da ke cin ran mutumin da ke gabanka. Shi ɗan barkwanci duk rayuwarsa a take yake samun sakamako. Ya yi magana, an yi dariya, ya san ya ci. Ba a yi ba, ya san ya faɗi, sai ya yi maza ya jefo wata. Shiru a wurinsa alamar mutuwa ce. Yanzu ka kawo shi lokeshan, ya gama sin, ka ce kat, kowa ya yi tsit yana gyara waya da fitila. Kai a wurinka sin ya yi kyau. Shi a zuciyarsa ya gama kunyata. Idan ka bar shi a haka, a ɗauka ta gaba zai ƙara gishiri, ba don taurin kai ba, don neman tabbaci.

Saboda haka duk lokacin da ka ce kat, kai ne za ka fara isa wurinsa, kafin mai kwalliya, kafin kowa. Kuma kada ka ce masa "ya yi kyau" kawai, ya saba jin wannan daga 'yan amshin shata. Faɗa masa takamaiman abin da ka gani: "Oga, lokacin da ka ajiye sukudireba ka sake ɗauka ba tare da ka yi komai da ita ba, shi nake so." Ka maye masa gurbin dariyar da wannan.

Ma'aikatanka kuma ka ja musu kunne tun kafin ya iso. Mai riƙe makirfo ɗaya da ya ƙyalƙyale a bayan kyamara ya isa ya rusa maka aikin yini guda, domin kunnen ɗan barkwanci yana jin dariya ko daga ina ta fito, kuma zai bi ta. A sin mai nauyi ka rage mutane, a bar waɗanda ba makawa sai da su.

Abin da bai kamata ya fito daga bakinka ba shi ne "ka natsu" ko "ka nuna baƙin ciki". Ka faɗa masa haka, zai ba ka hoton natsuwa, wato kwaikwayon mutum mai natsuwa, domin kwaikwayo ne sana'arsa. Aiki za ka ba shi, abin da zai yi wa wanda ke gabansa.

Mu koma shagon agogo. Matar ta shigo karo na biyu, ta ajiye agogon a kan tebur, ta ce, "Malam, ya sake tsayawa." Agogon kuwa yana ta bugawa, har makirfo na ɗauka. Abin da aka rubuta masa kaɗan ne: ya kara a kunne, ya ce, "Haka ne, Malama. Sai jibi." A ɗaukar farko, ga abin da kusan kowane ɗan barkwanci zai yi. Zai kara agogon a kunne, ya zaro ido, ya jijjiga shi, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya ɗaga gira ɗaya, sannan ya saci kallon gefen kyamara kamar mai cewa kun ji fa. Zai ba da dariya, kuma ya kashe sin ɗin, domin ya haɗa kai da 'yan kallo a kan matar. Sai ka je kusa da shi, ka rage murya, ka ce: "Ka san agogon nan bai tsaya ba. Ita ma ta sani. Idan ta ga alamar ka gane a fuskarka, kunya ba za ta bar ta ta sake tako shagon nan ba. Ka rufa mata asiri." Yanzu yana da aiki. Zai kara agogon a kunne ya daɗe fiye da ƙima, idonsa a kan tebur, yana sauraren bugun da kowa ke ji, yana neman yadda zai yi ƙarya ba tare da muryarsa ta rawa ba. Ya ce haka ne. Mai kallo zai yi dariya a nan ma, sai dai wata iri ce, mai fita ta hanci, wadda ke tafe da ɗan matsewar ƙirji. Kuma lura, gwanintarsa ta sanin daidai lokacin da ya kamata magana ta faɗo, ita ce ta yi aikin. Ɗan wasan da bai taɓa ba da dariya ba zai yi wuya ya san tsawon shirun da ya dace kafin "haka ne".

Wata dabara mai sauƙi: ba shi tasa ɗaukar. Ka ce, "Wannan taka ce, yi duk yadda ka ga dama." Ya zazzage abin da ke cikinsa, a yi dariya, a huta. Wadda za ta biyo baya sau da yawa ita ce ta gaskiya, domin ƙaiƙayin ya tafi. Wani lokacin ma a cikin tasa ɗin za ka tsinci daƙiƙa biyu da ba za ka taɓa iya rubutawa ba.

Ka riƙa jinkirta kat. Maganar ƙarshe ta fita, ka ƙirga biyar a zuci kafin ka tsayar. A 'yan daƙiƙun nan ne yake rasa abin yi, fuskar sana'a ta zame, ta mutum ta leƙo. Ka sa ido kuma a kan 'yar wutsiyar da yake maƙala wa kowace magana, ko ɗaga gira, ko ɗan tari, ko gyaran wuyan riga. Ba duka za ka hana ba. Zaɓi ɗaya ka bar masa, ta zama ta mutumin da yake fitowa, ta riƙa zuwa lokacin da ya rikice.

Hannunsa kada ya zauna banza. Ba shi abin riƙewa, abin gyarawa, abin ninkewa. A Punch-Drunk Love akwai wani ƙaramin abin kiɗa mai kama da fiyano da aka yasar a bakin titi, Barry ya kwashe shi ya kai ofis, yana ta lallaɓa shi yana liƙe inda ya yage. Duk abin da ya kasa faɗa wa mutane, a jikin abin nan yake faɗarsa da yatsu.

Sai babban tarko, kuka. Ɗan barkwancin da ya karɓi irin wannan rol yana da abin da yake son ya nuna wa duniya, kuma a ganinsa hawaye ne shaida. Zai roƙe ka sin ɗin kuka, furodusa ma zai goya masa baya. Ka yi ta-ka-tsantsan. Mutumin da ke ƙoƙarin kada ya yi kuka ya fi mai kuka taɓa zuciya, in kuma kukan zai zo, ya zo a wurin da bai dace ba, ya ba shi kunya. Je ka kalli ƙarshen City Lights na Charlie Chaplin, na 1931. Yarinya mai sayar da furanni, wadda a da ba ta gani, ta gane cewa attajirin da ta ɗauka ya taimake ta ashe wannan fakirin ne mai yagaggun kaya. Chaplin bai rushe da kuka ba. Yana riƙe da fure, yatsa a bakinsa, yana murmushin da rabinsa tsoro ne. Shi ne kuma mutumin da ya maimaita ɗaukar haɗuwarsu ta farko har sau 342 kafin ya gamsu. Ba cewa na yi ka yi haka ba, furodusanka zai kore ka tun a ta talatin. Ina nuna maka ne cewa sin mafi sauƙi a ido shi ya fi cin wahala.

Waɗanda za ka kewaye shi da su ma abin dubawa ne. Kada ka kawo abokan camamarsa, ko da a ƙaramin rol, domin da sun haɗa ido za su koma gidan jiya. Ka sa shi gaban 'yan wasan da ba sa neman dariya kuma ba sa jin tsoronsa. Anderson ya sa Philip Seymour Hoffman a matsayin mai shagon katifa da ke tura 'yan daba su tatsi Barry, kuma barazanar ta gaske ce, har jini ya zuba. Ƙaramar soyayya tana buƙatar wani abu mai haƙori a kusa da ita, in ba haka ba ta zama alewa.

Kyamara, kaya da kiɗa

Nan ba zan daɗe ba, kowa da idonsa. Abu biyu dai. Ɗan barkwanci ya saba ya cika allo, to ka fara da mayar da shi ƙarami. Hoton farko na Punch-Drunk Love ya nuna Barry a can lungun wani fanko na ɗakin ajiya, shi da teburinsa a gefe guda, sauran allon bango ne kawai. Kafin ya gama maganar farko ka san shi kaɗai ne a duniya. Ka adana hoton kusa da fuska sai inda ake buƙatarsa, kada ka ɓarnatar da shi tun da wuri. Shigarsa kuma ta zama guda mai tsayawa a rai: shuɗiyar kwat ɗin da Barry ya sa kusan duk tsawon fim ɗin tana gab da zama abin dariya, amma ba ta kai ba, kuma daidai wurin da kake son komai ya tsaya ke nan.

Kiɗa kuwa, duk wani sautin da ke ce wa mai kallo "yi dariya nan" ka hana shi shiga. Jon Brion, mai tsara kiɗan, ya cika farkon wancan fim da ƙananan kaɗe-kaɗe masu tsinka jijiya, har ka ji kanka na neman fashewa tare da na jarumin, sai da soyayya ta kankama aka sake maka da kiɗa mai taushi.

Wurin editin

A teburin edita ake yanke hukuncin ƙarshe a kan ko abu raha ne ko ciwo. Hoto ɗaya ne, bambancin inda aka sa almakashi. Yanke daidai kan maganar, an yi dariya. Bar shi ya ƙara daƙiƙa uku a kan fuskarsa, dariyar ta maƙale a wuya. Editan da ya saba da barkwanci hannunsa zai riƙa yankewa da wuri ba tare da ya sani ba, sai ka zauna kusa da shi. Ka kuma kula da hoton martani, wato a yanko fuskar wani yana buɗe baki ko yana ƙunshe dariya. Wannan hoton umarni ne ga mai kallo. Cire shi, ka bar mutum ya rasa wanda zai tambaya ko ya halatta ya yi dariya.

Ka sani, a minti goma na farko za a yi dariya ko me ya yi. Da fuskarsa ta bayyana za a fara, tun bai buɗe baki ba. Kada ka yi faɗa da wannan. Ba su dariya ɗaya ko biyu ta halal da wuri, su sauke abin da suka zo da shi, sannan ka juya akalar a hankali. Lost in Translation haka ya yi: Murray a cikin lif ya fi kowa tsawo, Murray yana fama da shawa da ta yi masa gajarta, Murray a wurin ɗaukar tallan giya ana yi masa doguwar magana ana fassara masa da kalma kaɗan. Ka gama dariya ka saki jiki, ba ka ankara ba fim ya yi shiru, har ya kai ga raɗar da ya yi wa Scarlett Johansson a kunne a ƙarshe, wadda ba a bari mun ji ba.

Idan ka haɗa kashin farko, ka nuna wa mutane kaɗan iri biyu, masoyansa da waɗanda ba su damu da shi ba. Kada ka tsaya tambayarsu ko ya yi daɗi. Zauna a baya ka rubuta inda aka yi dariya. Duk dariyar da ta faɗo a kan jarumar, ko a wurin da kake son a yi tsit, akwai gyara a nan, kuma yawanci wata 'yar wutsiya ce ta tsallake maka.

Rigimar ƙarshe da masu talla za ka yi ta. Za su so su tsinto duk wuraren dariya su haɗa tallan minti biyu, su sa hotonsa yana washe baki a fasta, domin abin da ke sayar da tikiti ke nan. Ranar farko sinima za ta cika da waɗanda suka zo dariya har da riƙe ciki, su fito suna cewa an cuce su, waɗanda kuma fim ɗin zai burge ba su zo ba, don sun ɗauka camama ce. Ko da an yi talla ta gaskiya, kada ka sa ran cinikin da ya saba yi. Punch-Drunk Love ya samo wa Anderson kyautar gwarzon darakta a bikin Cannes na Faransa a 2002, amma kuɗin da ya tara a sinima bai kama ƙafar na manyan finafinan barkwancin Sandler ba. Ka faɗa wa furodusa wannan tun ranar da za a tsara kasafi, a kashe kuɗi daidai da masu kallon da ake da tabbacinsu. Ɗaukar nan kuma da ka ba jarumi ya yi yadda ya ga dama, ka sa a rubuce cewa ba mai taɓa ta sai da izininka, domin ranar da furodusa ya gan ta zai nemi a mayar da rabinta cikin fim.